Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ke yi wa gaba

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa da kika turo ta hannun admin, sau biyu na karanta saƙonki. Kin ce shekararku shida da aure, yara biyu, kuma duk sanda kuka samu saɓani maigida sai ya ɗauke miki wuta, kwana huɗu, kwana biyar, wani lokacin har sati biyu. Kin ce barci ya ƙaurace miki, ƙirjinki na yawan bugawa, kina tambaya ko zuwa wurin likita ko mai ba da shawara zai yi amfani, ko kuwa tonon asiri ne kawai. Na san wannan ciwon, shi ya sa na kasa wucewa. Allah Ya yaye miki.

Wanda bai ɗanɗana ba yana zaton ranar faɗan ce mai wuya. A'a, kwana na uku ne. Kin girka abin da kika san yana so, kin jera a tire, da safe ki tarar da kula yadda kika ajiye ta, miya ta huce, manja ya daskare a sama. Kuɗin cefane a kan firji, ba sallama. Da kin ji ƙarar buɗe ƙofa gabanki ya faɗi. Ƙarfe uku na dare idonki biyu, kina bitar maganar da kika yi kalma bayan kalma ko za ki gano inda kika kauce, har a kira assalatu. Mafi ciwo kuma, kina jiyo shi a waya yana dariya da abokansa, wato muryar tana nan, ke kaɗai aka hana. Sai ki wayi gari kina ba da haƙuri a kan abin da ba ki ma san mene ne ba, don kawai gidan ya dawo gida. Ba raki gare ki ba, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Jikinki ne ya ɗauki shirun nan a matsayin haɗari, yana zuba sinadaran fargaba dare da rana, su ne ke sa bugun ƙirji, ciwon kai, ɗacin baki da rashin barci.

To, abu na farko da ƙwararre zai so ya tantance shi ne wane irin shiru ne, domin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. John Gottman, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Washington da ke Amurka, ya kwashe shekaru da dama yana sa ma'aurata su tattauna matsalarsu ana auna bugun zuciyarsu. Ya lura idan bugun ya haura 100 a minti ɗaya ana cikin gardama, mutum ba ya iya sauraro da kyau balle ya yi tunani, sai ya rufe bakinsa kamar an danna kwaɗo, kuma maza ne suka fi yin haka. Wannan shirun na wanda abu ya fi ƙarfinsa ne. Alamarsa, bayan 'yan awanni ko washegari zai sauko da kansa, ya nemi hanyar magana ko da ta tambayar ina kika ajiye masa hula ne. Ɗayan kuwa horo ne. Ana yin sa da gangan, yana ɗaukar kwanaki, ana haɗawa da ƙin cin abinci, ba ya ƙarewa sai kin durƙusa, sannan ba a sake tada maganar da ta jawo shi. Ki ɗauki ɗan littafi ki riƙa rubutawa: ranar da aka fara, abin da ya jawo, kwana nawa aka yi, yadda aka shirya, wa ya fara magana. Sau uku ko huɗu ya isa ki ga irin wanda kike fama da shi, kuma littafin nan zai rage wa duk wanda za ki gani rabin aiki.

Idan na farkon ne, akwai gyara sosai. Ba ranar gaba ake maganar ba, sai ranar da kuke zaman lafiya, ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci. Ku yi yarjejeniya cewa duk wanda ya ji ransa ya fara tafasa zai ce a dakata, a rabu na aƙalla minti 20, domin jiki ba ya hucewa ƙasa da haka, amma kada ya wuce kwana ɗaya, kuma wanda ya nemi a dakata shi zai faɗi lokacin dawowa, misali bayan isha'i. Inda ake ɓata abin wuri biyu ne. Mu mata mukan bi shi har ɗaki ko bakin mota muna cewa sai ka ba ni amsa, wannan ƙara wa wuta fetur ne. Sannan a cikin minti 20 ɗin nan mutum ya zauna yana tsara martanin da zai mayar, sai ya dawo ya fi da zafi. Alwala, tafiya a tsakar gida, wanke-wanke, duk abin da zai ɗauke hankali shi ake so.

Ki kuma kula da yadda kike buɗe magana, domin binciken Gottman ya nuna minti ukun farko su ke nuna yadda zancen zai ƙare. "Kullum kai" da "ba ka taɓa" su ne ke rufe kunnen namiji. Ki faɗi abu ɗaya da ya faru, yadda kika ji, da abin da kike roƙo: "Abban yara, da muka yi kwana biyar ba magana ban iya barci ba. Ina roƙon in ranka ya ɓaci ka ce mini sai gobe za mu yi magana, zan jira." Magana ɗaya a zama ɗaya. Kada ki ɗauko ta kuɗin makaranta da ta ƙanwarsa da ta bara.

Ran da ya shiga gabar kuma, ki gaishe shi kamar kullum, ki ajiye abinci, ki faɗa masa sau ɗaya tak cewa a shirye kike duk sanda ya so magana, ki ci gaba da harkarki. Ki je islamiyyarki, ki kira 'yan'uwanki. Saƙo ashirin a WhatsApp da kuka a bakin ƙofa suna koya masa cewa dabarar tana ci. In kin yi laifi ki ba da haƙuri a kan laifin, ki ambace shi da sunansa. In ba ki yi ba, kada ki ƙirƙiro. Don Allah kuma kada a mayar da yara 'yan aike, je ki ce wa babanki kaza. Yaro ɗan shekara huɗu yana gane gidan ba lafiya, wani ya koma fitsarin kwance, wani ya ƙi cin abinci, yawanci kuma suna zaton su ne suka yi laifi. Ki ce musu a fili ba laifinsu ba ne.

Raina na ɓaci idan na ga amsoshin da ake ba mata irinki. Tun ɗazu na ga wasu a ƙasan saƙonki suna cewa ki ƙara haƙuri, ki ƙara kwalliya, ki duba girkinki. Matar da ta ce ba ta barci, ƙirjinta na bugawa, ita za a tura gaban madubi? Ga kuma masu jiran irin wannan saƙon su biyo ki ta bayan fage da tallar haɗin mallaka da turaren da wai zai sa ya dawo yana rawar jiki, su karɓe ɗan kuɗin adashenki, in bai yi ba su ce an yi miki asiri ne, ki ƙaro. Sun san halin da kike ciki sarai, da shi suke cin abinci. Sun sa mata da yawa zargin uwar miji da maƙwabta a banza, an raba zumunci, matsalar kuma tana nan inda take. Wasu suna kiran kansu masu gyaran aure a Facebook ba su taɓa zama ajin koyon aikin ba, za ki ba su sirrinki da safe, da yamma ki gan shi a shafinsu an sauya suna kawai. Haƙuri ibada ne, babu mai musu, amma ba a ce mai haƙuri kada ta nemi magani ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, yana cikin Bukhari da Muslim. Me ya sa masu wa'azin haƙurin ba sa karanta wa mazan wannan? Sai dai ke kada ki jefe shi da hadisin a tsakiyar faɗa, zai ɗauka kin ci zarafinsa. Daga bakin wanda yake jin nauyi ya kamata ya ji shi.

Na dawo kan tambayarki. E, ki je, kuma kada ki jira sai ya yarda ya bi ki, ki fara da kanki. Ki soma da asibiti na yau da kullum a auna hawan jini, a duba ƙarancin jini da tayirod, ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin su ma suna sa bugun ƙirji da kasala. In an ga ba su ba ne, ki nemi a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ba sai wanda ya haukace ke zuwa ba. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke rubuta magani, masanin halayya kuma da zama da tattaunawa yake aiki, kamar minti 45 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a sati, yawanci zama shida zuwa ashirin, yana ba ki aikin da za ki gwada a gida ki dawo ki faɗi yadda ta kaya. Za a iya ba ki wata takarda mai tambaya tara a kan yadda kika kasance cikin sati biyun da suka wuce: barci, cin abinci, kasala, rashin jin daɗin abin da kika saba so, ganin kanki ba ki da amfani. Maki 10 zuwa sama alama ce ta ciwon damuwa da ke buƙatar kulawa. Ki faɗi gaskiya, kada ki yi kara. Batun tonon asiri kuwa, aikinsu ya hana su fitar da maganarki, ko ga maigida, sai idan rai na cikin haɗari, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ƙarfafa haƙƙin majiyyaci a kan sirrinsa.

In an ba ki magani, irin su fulokzetin ko amitiriftilin, ki sani ba farasitamol ba ne. Yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin ki ji canji, a kwanakin farko wata na jin tashin zuciya ko bushewar baki ko jiri, a nan mutane da yawa ke yar da shi su ce bai karɓe su ba. Bayan an samu sauƙi ma ana ci gaba aƙalla wata shida, kuma a hankali ake janye shi. Ki gaya wa likita in kina da ciki ko kina shayarwa. Abin da nake roƙonki da girman Allah, kada ki je kemis ki sayi diyazefam ko maganin mura mai sa barci. Cikin 'yan makonni jiki ke sabawa, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, a tashi da matsala biyu. Kafin ki samu ganin likita, ki bar shayi mai ƙarfi, kofi da goro daga azahar, ki tsayar da lokacin tashi ɗaya, in kin yi kamar minti 20 a kwance barci bai zo ba ki tashi ki zauna a wuri mai ɗan duhu ba tare da waya ba, sai ya fara fizgarki ki koma. Ƙirji in ya soma bugawa, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, minti biyar. Fitar da numfashin mai tsawo shi ke sassauta bugun.

Maigida kuwa, in kin ce masa mu je a gyara ka, ba zai je ba. Ki ce likitana na son jin ta bakinka don ya san yadda za a taimaka mini, maza da yawa ta wannan ƙofar suke shiga. In ya ƙi, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ba da hanya: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki. Mutum biyu, ba taron dangi ba. Ki zaɓi mai riƙe sirri wanda maigida ke jin kunyarsa, kawu ko waliyyinki, ki je masa da littafin nan mai kwanan wata, ki nemi abu ɗaya takamaimai, wato kada gaba ta sake wuce kwana ɗaya. In kin je da kuka kawai za a ce ku yi haƙuri da juna a tashi.

Amma duk wannan da na faɗa game da zama tare gaban mai ba da shawara, in akwai duka, ko shaƙe wuya, ko barazana, ko ƙwace waya da hana ki ganin danginki, to ba a fara shi, domin abin da kika faɗa a gaban likita shi za a hukunta ki da shi a gida. A nan ke kaɗai za ki je, kuma lallai wani babba a gidanku ya sani yau. Haka nan in tunanin gara ki mutu ki huta ya taɓa zuwa miki, ko sau ɗaya ne, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki gaya wa wanda kika yarda da shi ya raka ki asibiti a ranar.

Ki turo mana ta hannun admin: ƙaramin yaronki watansa nawa, domin damuwar bayan haihuwa na iya shiga cikin wannan, kuma ko ya taɓa ɗaga miki hannu. Ki faɗi garin da kike, na tabbata akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu da za su gaya miki ranar da ake ganin likita a asibitin da ya fi kusa da ke.