Maɓallin turawa a shafin kaya: guda nawa zan sa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shago a Kantin Kwari, ina sayar da atamfa da leshi da shadda. Ɗan yayata ya haɗa mini shafin intanet a WordPress, manhajar nan ta gina shafuka, kowane kaya da hotonsa da farashinsa. Damuwata ita ce masu saye suna ɗaukar hoton fuskar waya su tura wa ƙawayensu, babu sunan shagona babu adireshin shafin. Yaron ya ce zai jera mini maɓallan turawa har goma sha biyu a ƙarƙashin kowane kaya. Hakan ya yi? Hajiya Binta, Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. A sa maɓallan, amma sha biyu sun yi yawa. Uku sun ishe ki: na WhatsApp a gaba, sai na Facebook, sai na kwafe adireshin shafi.

Ki duba yadda cinikinki yake tafiya. Mace ta ga leshi ya burge ta, ina take kai shi? Guruf ɗin 'yan uwa da ake shirin biki, ko wajen ƙawar amarya mai fitar da anko. Duk a WhatsApp ne. Maɓallin kwafe adireshi kuwa shi zai yi wa 'yan Instagram aiki, domin Instagram ba shi da maɓallin da zai ɗauki shafinki ya wallafa kai tsaye kamar yadda Facebook yake yi. Na X, wato tsohon Twitter, ki bar wa masu shafin labarai.

Bara wani mai turaren wuta ya kawo mini shafinsa, wai ba ya buɗewa da wuri. Na karɓi wayarsa, ƙaramar Tecno mai tsagaggen gilashi, muka zuba ido. Jerin maɓallai ne suka sauko ta gefe suka rufe farashin kayan ruf, har da su Pinterest da LinkedIn da shi kansa bai taɓa buɗewa ba. Wasu ma sun mutu, domin na AddThis ne, wata hidima mai samar da maɓallan turawa, kuma kamfanin Oracle ya rufe wannan hidima tun ƙarshen watan Mayun 2023. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don kowane tarkace da aka loda a shafi datar mai saye yake ci, ita kuwa ba za ta tsaya jira ba. Na kwashe su duka na bar uku.

Ki gaya wa ɗan naki ba sai ya ɗora wata manhaja mai nauyi ba. Maɓallin WhatsApp adireshi ne kawai da ke farawa da wa.me/?text= sai a biyo shi da sunan kayan da adireshin shafin. Facebook ma yana da irin nasa. In kuma ya fi son abin da aka riga aka haɗa, AddToAny kyauta ne a WordPress, sai ya shiga saitinsa ya kashe waɗanda ba a buƙata. Ya ajiye maɓallan dab da farashi, manya yadda babban yatsa zai taɓa ba kuskure, a rubuta “Tura wa ƙawa” a jiki. Kada kuma ya haɗa su wuri ɗaya da maɓallin yi miki magana, don mutane suna rikita biyun, mai son tambayar farashin sari ta tsinci kanta tana neman wanda za ta tura wa.

Sai babban aikin, wanda yawancin yaranmu suke tsallakewa. Idan aka tura shafin, me zai fito a guruf? In dogon adireshi ne shuɗi tsirara, babu mai taɓawa, wasu ma za su ɗauka na 'yan damfara ne. Ana so hoton atamfar ya fito da sunanta da ɗan bayani. Wasu layuka ne da ake sakawa a kan shafi suke yin wannan, ana ce musu Open Graph. Facebook ne ya fito da su a 2010, WhatsApp ma su yake karantawa. Yoast SEO, wata manhaja da ake ɗorawa a WordPress, yana iya saka su. Hoton ya zama faɗin fiksel 1200 da tsayin fiksel 630 (fiksel shi ne ma'aunin girman hoto), a rage masa nauyi. Ni ba na barin nawa ya wuce kilobayit 300. Kowane kaya da hotonsa, kada tambarin shago ya riƙa fitowa a madadin kowace atamfa. Idan an canza hoto amma Facebook ya nace da tsohon, ya saka adireshin a Sharing Debugger, shafin Facebook na gwada adireshi, ya sa a sake karanto shafin.

Masu ɗaukar hoton fuskar waya ba za su daina gaba ɗaya ba, Hajiya, saboda haka ki sa a buga sunan shagon a kusurwar kowane hoto. In ya gama, kada ki yarda da abin da ya nuna miki a kwamfutarsa. Ki kashe wayifai, ki buɗe shafin a wayar yarinyar shagonki da datarta, ki tura wa kanki leshi ɗaya ki ga abin da ya iso.