Tambayoyinku kan Waya: Manhajar Lissafin Al'ada, Laftof a Cinya da Gwajin Ciki na Bogi

Saƙonnin wannan makon yawancinsu kan haihuwa suke, kuma masu su sun roƙi a sakaya sunayensu. Ni aikina waya da kwamfuta ne, don haka inda magana ta kai ga asibiti zan ce a tafi asibiti.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Tudun Wada: Malam, na sauke manhajar lissafin al'ada bayan aurena. Kullum tana nuna min rana ta 14 ce ranar da nake sakin ƙwai. Wata takwas ke nan shiru. Al'adata takan kai kwana 34 ko 35 kafin ta dawo. Manhajar ce ta lalace?

Malama, manhajar ba ta lalace ba, lissafi kawai take yi da abin da aka ba ta. Idan ba ki shigar da tsawon zagayenki ba, da yawan irin waɗannan manhajoji suna ɗauka kwana 28 ne, sai su ajiye miki rana ta 14. Wayar ba ta ganin abin da ke faruwa a mararki.

Ga yadda jikin yake aiki. Ana fara ƙirga daga ranar farko da jini ya zo. A kashin farko na zagayen, ƙwai yana nuna a cikin ɗaya daga ma'ajiyar ƙwai biyu da ke gefen mahaifa, bangon mahaifa kuma yana ƙara kauri. Wannan kashin shi ne mai tsawo ga wata, gajere ga wata. Bayan ƙwan ya fito ya shiga bututun da ke kai shi mahaifa, sai kashi na biyu ya fara, shi kuma kusan kwana 14 ne ga yawancin mata. To ki lissafa daga baya: mai zagayen kwana 35 tana sakin ƙwai wajen rana ta 21. Tsakanin abin da wayarki ke faɗa da abin da jikinki ke yi akwai mako guda cur. Shi kuwa ƙwan mace awa 12 zuwa 24 kaɗai yake rayuwa bayan fitowarsa, ƙwayoyin maniyyi kuma suna iya kai kwana 5 a jikinta. Kwanakin da ciki ke iya shiga kusan shida ne: biyar kafin fitar ƙwai da ranar kanta.

Ki shiga saitin manhajar ki gyara tsawon zagaye zuwa naki na gaskiya, ki riƙa shigar da ranar farko ta kowane wata ba fashi. Bayan wata uku zuwa shida hasashenta zai fi kusa da daidai. Ki haɗa da alamun jiki: dab da fitar ƙwai ruwan gaba yakan zama garai-garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Akwai kuma tsinken gwajin fitsari da ake sayarwa a kemis, wanda ke gano hauhawar sinadarin LH, abin da ke faruwa kamar awa 24 zuwa 36 kafin ƙwan ya fito. Wannan ya fi kowace manhaja, domin jikinki yake aunawa.

Zagayen kwana 21 zuwa 35 ba ciwo ba ne. Idan shekara ta cika babu ciki, ko wata shida ga wadda ta haura shekara 35, ku tafi asibiti ku biyu, ke da maigida. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika, Zariya, yana da sashen mata da haihuwa. Na ce ku biyu da gangan, saboda abin yana ci min rai yadda ake barin mace ita kaɗai tana zaryar asibiti, alhali gwajin namiji ya fi sauƙi da araha. Masu neman tazarar haihuwa kuma kada su jingina da kalandar waya kaɗai, musamman mai shayarwa ko wadda al'adarta ke rikicewa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru: Yallaɓai, an ce ajiye waya a aljihun wando da ɗora laftof a cinya suna kashe maniyyi. Ni kuwa a kan cinya nake aikin furojet ɗina har tsakar dare.

Ɗan'uwa, abubuwa biyu ka haɗa, kuma hujjarsu ba ɗaya ba ce. Maganar laftof tana da tushe, kuma zafi ne matsalar. Allah ya ajiye 'ya'yan maraina a wajen jiki ne domin ƙera maniyyi yana buƙatar sanyi fiye da na cikin jiki da kamar digiri 2 zuwa 3, jiki kuwa yana kan digiri 37. Shi ya sa fatar wurin take sakewa lokacin zafi, ta tsuke lokacin hunturu. Idan ka haɗe cinyoyinka ka ɗora na'ura mai ɗumi, ka toshe wannan tsarin ta hanya biyu, domin haɗe cinyar ma kaɗai yana ɗaga zafin wurin. An auna hakan a bincike, an ga yana tashi da fiye da digiri biyu cikin awa guda. Ƙara da zafin Maris da Afrilu na garin nan namu Zariya, babu wuta babu fanka.

Ɗora ta a tebur ko benci. Filo ba mafita ba ne, yana toshe ramukan iskar laftof ɗin, injin ya ƙara zafi, batirin ya gaji da wuri.

Ita waya, igiyar rediyo take fitarwa, ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba, kuma binciken da aka yi kan tasirinta ga maniyyi bai tsaya kan matsaya ɗaya ba. Idan hankalinka bai kwanta ba, mayar da ita aljihun riga ko jaka, ba ka yi asarar komai ba. Amma kada ka sayi sitikar da ake liƙawa a bayan waya wai tana tare hasken, kuɗinka kawai za su tafi. Jiki yana ɗaukar kamar kwana 74 kafin ya kammala ƙera sabbin ƙwayoyin maniyyi, saboda haka wanda ya sauya ɗabi'a sai ya jira wajen wata uku kafin gwaji ya nuna bambanci. Sigari da shaye-shaye da ciwon sanyin da ba a yi maganinsa ba sun fi wayarka haɗari nesa ba kusa ba.

Tambaya daga wata uwa a Sabon Gari: Yarana suna wasa da wayata, ga kuma bayanan al'adata a ciki. Su waye ma ke ganin abin da nake rubutawa?

Hajiya, tambayarki a kan hanya take. A 2021 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta cimma yarjejeniya da kamfanin Flo, wata manhajar lissafin al'ada, bayan zargin ya miƙa bayanan lafiyar mata ga kamfanoni irin su Facebook da Google duk da alƙawarin sirri da ya yi. Najeriya tana da dokar kare bayanan sirri ta 2023, amma kariyar farko a hannunki take. Zaɓi manhajar da ke aiki ba tare da buɗe asusu ba. Shiga saitin izini ki hana ta ganin lambobin mutane, hotuna da wurin da kike, babu abin da lissafin kwanaki zai yi da su. Wayoyin Tecno da Infinix suna da makullin manhaja a cikin saiti, Samsung kuma tana da ma'ajiya mai makulli da ake kira Secure Folder. Kashe sanarwar da ke fitowa a fuskar waya, don ta nan yara suka fi karantawa. Kafin ki kai waya gyara, ki kulle manhajar ko ki fita daga asusunki.

Tambaya daga wani ango a Kwarbai: Na ga manhaja da ke gwada ciki idan mace ta ɗora yatsa a gilashi, har ta faɗi namiji ne ko mace.

Ango, goge ta yau. Gilashin waya taɓawa kawai yake ganewa. Ciki ana gane shi ne da sinadarin hCG da jikin mai ciki ke samarwa, a fitsari ko jini, kuma tsinken gwajin ciki na kemis yana nuna shi daga lokacin da al'ada ta ƙi zuwa. Jinsin jariri kuwa yana tabbata tun ranar da ƙwai ya haɗu da maniyyi: ƙwan mace kullum yana ɗauke da ƙwayar halitta da ake kira X, ƙwayar maniyyin namiji ce ke zuwa da X a samu mace, ko Y a samu namiji. Hoton ciki na asibiti yakan nuna jinsin wajen mako na 18 zuwa 20. Ka kai amarya ta fara awo da zarar tsinken ya nuna layi biyu.