Tambaya da Amsa: Cinikin 'Yan Wasa a Ƙaramar Ƙungiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sakataren wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ne. Wata babbar ƙungiya ta taya ɗan wasanmu na gaba mai shekara 19, saura wata 14 kwantiraginsa ya ƙare. Shugabanmu ya ce albarka, sai sun ninka kuɗin. Ni kuwa ina tsoron mu yi biyu babu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tsoronka yana kan hanya, domin farashin ɗan wasa a rataye yake da sauran wa'adin kwantiraginsa. A dokar FIFA, da zarar ya rage wata 6, yaron yana da damar sa hannu da wata ƙungiyar alhali yana sanye da rigarku, in wa'adin ya cika kuma ya tafi babu kuɗin saye. Asalin wannan shi ne hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a 1995 a shari'ar Bosman, ɗan wasan Beljiyam. Ke nan wata 8 ne a hannunku, ba 14 ba, kuma masu tayin sun riga ku lissafawa. Ko dai ku sabunta masa kwantiragi yanzu da ƙarin albashi, ko ku sallama a wannan kasuwar.

In za ku sallama, kada ku ƙare ƙarfinku a kan kuɗin da za a buga a jarida. Ku fara da tambayar nawa ne kuɗi hannu, nawa ne za a biya kashi-kashi, kuma a waɗanne ranaku. A rubuta ranakun da lamba. Daga nan sai ƙarin da ke biyo baya: kaza idan ya buga wasa 20, kaza idan ƙasarsa ta gayyace shi. A nan ake yawan cutar ƙanana. Idan takarda ta ce "wasa 20" kawai, gobe za a yi ta musu ko shigowa daga benci a minti na 88 wasa ne. A fayyace: gasar hukuma, kuma ko fara wasa ko minti 45.

Babban abin shi ne kason da za ku samu idan suka sake sayar da shi. A ce kun sayar dala 200,000, su kuma suka sayar dala miliyan 1. Kashi 20 cikin 100 na dukan miliyan 1 ɗin shi ne dala 200,000, na riba kawai kuwa dala 160,000. Kalma ɗaya ta ci muku 40,000. A kuma rubuta cewa kason ya shafi kuɗin aro da musayar ɗan wasa da ɗan wasa, in ba haka ba sai su yi musaya su ce ba sayarwa suka yi ba. Exeter City ta Ingila ta sayar wa Brentford Ollie Watkins a 2017. Da Aston Villa ta saye shi fam miliyan 28 a 2020, kason da ya faɗo wa Exeter ya fi abin da ta karɓa tun farko.

Akwai kuma haƙƙin da ba ya buƙatar ciniki. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 16 zuwa 23 kowace tana kawo rabin kashi 1. Yaron da ya zauna da ku daga 16 zuwa 19, kashi 2 ke nan, wato dala 20,000 a cinikin miliyan 1. Amma da rajistar hukuma ake lissafi. Shekarar da ya yi yana atisaye da ku babu rajista, ta tafi a banza.

Tambaya: Wata babbar ƙungiya za ta ba mu aron matasa biyu, ta ce ba za mu biya ko sisi ba. Akwai abin tsoro a ciki?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. "Ko sisi" ɗin galibi kuɗin aro ake nufi, albashi kuwa magana ce daban. A rubuta kashi nawa za ku biya, kashi nawa za su biya, wa ke da alawus na nasara, masauki da kuɗin asibiti idan ya ji rauni. A duba ko akwai tara idan koci bai sa yaron wasa ba. Irin wannan sharaɗi yana ɗaure hannun koci, ya ajiye nasa ɗan wasan da ya fi ƙoƙari don gudun biyan kuɗi. A duba kuma ko suna da ikon kiransa a tsakiyar kaka. In ba za a cire wannan ba, a ƙayyade shi ga farkon kasuwar tsakiyar kaka, don ku sami lokacin neman madadi.

Zaɓin saye (ku sayi ɗan aron in kun ga dama) da wajibcin saye (dole ku saye shi) ba ɗaya ba ne. Na farko alheri ne gare ku in an yanke farashi tun yanzu. Na biyu bashi ne mai jiran ranarsa.

In aron daga wata ƙasa ne, tun 2022 FIFA ta ce ba ya wuce shekara 1, ba za ku iya ba da aron wanda kuka aro ba, kuma ba a karɓar fiye da mutum 3 daga ƙungiya ɗaya a lokaci guda. A ganinmu, aro biyu ko uku don toshe gurbi ba laifi. Cika rabin fili da 'yan aro kuwa raino ne kuke yi wa wasu, kaka ta ƙare ku tashi babu na sayarwa.

Tambaya: Kyaftin ɗinmu ya zo da wakilinsa suna neman a ninka albashinsa. Ba ma so ya tafi, aljihu kuma bai kai ba.

Amsa: Kafin ku zauna da su, ku yanke iyakar abin da za ku kashe a albashin kowa da kowa, daga kuɗin da ya tabbata zai shigo. Kuɗin cinikin da ba a kammala ba kada ya shiga lissafi. Ku tuna albashi ba ya ɓoyuwa a ɗakin sauya kaya: kuka ninka wa ɗaya, ba da jimawa ba wasu za su ƙwanƙwasa ƙofa. Gara a ƙara kaɗan a albashin wata, a jibga sauran a alawus na wasa, na nasara da na haurawa rukuni na sama, saboda wannan kuɗin ba ya fita sai abin kirki ya faru. A sa sharaɗin rage albashi idan ƙungiya ta faɗi ƙasa, da zaɓin ƙarin shekara 1 wanda aka rubuta albashinta tun yau. A fayyace ko adadin kafin haraji ne ko bayansa, la'adar wakili kuma ta shiga takarda.

Kada ku yi alkawarin da ba za ku cika ba don a rabu lafiya. Idan aka riƙe wa ɗan wasa albashin wata 2, dokar FIFA ta ba shi damar aiko da gargaɗi a rubuce na kwana 15, in ba a biya ba ya soke kwantiragi, ya tafi kyauta, ya kuma bi ku diyya.

Tambaya: Mun sa hannu da ɗan wasa, daga baya likita ya gano gwiwarsa ba lafiya. Za mu iya fasawa?

Amsa: Da wuya. Dokar FIFA ba ta yarda a rataya ingancin kwantiragin ɗan wasa a kan sakamakon gwajin lafiya ba, ko da kun rubuta hakan a ciki. Shi ya sa ake kai shi wurin likita kafin a miƙa masa biro. Abin da ya rage muku yanzu shi ne ku yi masa magani, ko ku zauna da shi ku daidaita a kan kuɗin sallama, a rubuce, kowa ya sa hannu.