Likita na amsa tambayoyinku kan allurar rigakafi

Tambaya: Likita, an yi wa ɗana allurar sati shida, da dare jikinsa ya yi zafi, cinyarsa ta ɗan kumbura. Kakarsa ta ce kada a koma. (Wata uwa daga Funtuwa)

Amsa: 'Yar'uwa, ki koma. Abin da ke cikin allurar ƙwayar cuta ce da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɓangare nata. Jiki na ganinta sai ya haɗa garkuwa, ya riƙe kamanninta, ranar da ta gaske ta shigo ya riga ya santa. Zafin jikin nan aikin ne ke gudana, kwana ɗaya ko biyu zai sauka. Ki yawaita ba shi nono. In ya zarce haka ko ya yi jijjiga, a kai shi asibiti. Wannan allurar sau uku ce: sati 6, 10 da 14, kuma tana tsare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa. Ki yi wa Hajiya bayani a hankali, jikanta take tausayi.

Tambaya: Duk yaran unguwarmu an yi musu. Nawa yaran, ko ba a yi musu ba, ai sun tsira ko? (Wani magidanci daga Gusau)

Amsa: Malam, wannan tunanin yana damuna. Mai ƙyanda ɗaya kan iya harbar mutum 12 zuwa 18 a inda ba a yi rigakafi ba, kuma sai an yi wa kashi 95 cikin 100 kafin ta rasa hanya. Jaririn da bai kai wata tara ba, ba a fara yi masa ta ƙyanda ba tukuna. 'Ya'yanka ne katangarsa. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano a 2023, yawancin yaran da ya kama ba su kammala allura ba.

Tambaya: An ce an kawar da shan inna, me ya sa ake ta ɗiga wa yara? (Wata malama daga Bauci)

Amsa: Malama, a watan Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar asali, wadda kafin nan aka gani ƙarshe a Borno a 2016. Amma tana nan a Pakistan da Afganistan, kuma akwai wani nau'in da ke yaɗuwa a inda yara da yawa ba su karɓa ba. Agana ma sai da aka tabbatar ta ƙare a duniya, a 1980, sannan aka ba dukkan ƙasashe shawarar barin yin lambarta.