Ɗalibaina sun yi wa juna sharhin wasan kwaikwayo, abin ya koma rigima

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin Hausa ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Ringim. Na kasa 'yan aji biyar gida uku, kowane rukuni ya rubuta wasan kwaikwayo don wuri guda: na cikin aji, na filin makaranta, da na ƙofar gidan dagaci. Sai na sa suka yi musayar takardu don su yi wa juna sharhi. Kowa ya yabi na cikin aji wai kamar fim, aka ce na ƙofar dagaci ba komai ciki sai waƙa da maimaici. Yaron da ya fi shan wahalarsa ya yi fushi ya ce ya fita. Saura wata guda bikin raba kyaututtuka. In daina ne in riƙa gyarawa da kaina?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka daina, kuma kada ka karɓe gyaran. Yaranka ba mugunta suka yi ba. An ba su takarda suna zaune a kan benci, suka yanke hukuncin da takarda ke bayarwa. Matsalar tana ga wurin da aka yi sharhin.

Akwai wata fahimta da nake cin karo da ita kullum, har ta ishe ni: wai wasan kwaikwayo rubutu ne da ake aunawa a karance, kuma mafi kyansa shi ne wanda ya fi kama da fim. Wannan fahimtar ta kashe wasanni masu kyau a makarantunmu fiye da rashin kuɗi. Fim yana da kyamarar da za ta matso har kan idon ɗan wasa, yana da makirufo da zai kamo raɗa. Ƙofar gidan dagaci ba ta da ko ɗaya. A fili babu bango babu rufi da za su dawo da murya, don haka duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin sautin da ke isa kunne yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ke tsaye taku ashirin daga ɗan wasa rubu'in abin da na taku goma ke samu yake samu. Ƙara da iskar hunturu, da kukan awaki, da babur mai wucewa, da injin niƙa a bayan layi. To yaron da ya sa aka faɗi muhimmiyar magana sau uku, ya kuma saka ta cikin waƙa mai amshi, ya san inda za a yi wasansa. Abin da abokansa suka kira maimaici shi ne zai sa dattijon da ke can baya ya bi labarin.

Abin takaicin, yaran nan sun san haka tun suna ƙanana. Wane ne cikinsu bai yi tashe ba in azumi ya kai goma? Wasan tashe gajere ne, shigar ɗan wasa kaɗai ta gaya maka ko wane ne tun bai buɗe baki ba, waƙa ce ke riƙe shi, kuma an gina shi ne don ƙofar gida da dare. Sai su shigo aji a koya musu cewa wannan ba fasaha ba ce, fasaha sai da dandamali da labule. Masu yawon makarantu da sunan horaswa su ne kan gaba wajen wannan ɓarna. Mutum ya taɓa riƙe kyamara a birni, ya zo ya karɓi kuɗin yara, ya koya musu wasa mai fitowa goma sha biyar: yanzu ana asibiti, yanzu ana tasha, yanzu ana waya da wani a Legas. A ƙarƙashin darbejiya da me za a sauya wurin? Idan aka ce wani ya mutu a tsakiyar da'irar 'yan kallo, wa zai ɗauke shi, ko kuwa tashi zai yi ya kakkaɓe riga jama'a na dariya? Ba su taɓa tambayar kansu ba. Su kuma fom ɗin bayar da maki da ake turowa daga ofis, za ka ga gurbin jigo, da na salo, da na zubi da tsari, amma ba gurbin ko an ji abin da aka faɗa. Ka cika musu fom ɗinsu don a zauna lafiya, amma kada ka miƙa shi ga ɗalibai.

Masana ma ba su raina fili ba. A tsakiyar shekarun 1970 da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya za ta yi wa sashen wasan kwaikwayo dandali, da ƙasa aka gina shi, zauruka kewaye da tsakar gida irin tsarin gidan Bahaushe. Daga nan kuma malamai da ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Bomo suna wasa a dandalin gari. Idan jami'a ta bi fili, ban ga dalilin da sakandaren ƙauye za ta ji kunyarsa ba.

Ga yadda za ka sake zaman. Riga a jikin mai ita ake gwada ta, don haka kowane wasa a kai shi wurinsa, a kuma daidai lokacin da za a yi shi. Idan bayan la'asar ne, a je bayan la'asar, a ga inda rana take, domin 'yan kallon da rana ke dukan idonsu tashi za su yi. Masu wasan su karanta a tsaye suna motsi, ko ba su haddace ba. Masu sharhi kuma ka watsa su: wasu a gaba, wasu can ƙarshen inda jama'a za su kai, wasu a gefe, biyu a bayan 'yan wasa, tunda a ƙauye zagaye ake yi, dole wani ya ga ƙeya. Bayan an gama, kowa ya faɗi inda ya tsaya, sannan ya ba da labarin yadda ya iso masa. Na baya zai ce, "Ban san dalilin da ya sa uban ya kore shi ba." Marubucin ya samu gyaransa ke nan, ba wanda ya zage shi. Sai a tambaye su a ina hankalinsu ya bar wasan. Ka hana "ya yi kyau" da "bai yi ba", ka hana "da ni ne". Marubuci ya yi shiru yana rubutawa, sai an ƙare ya yi tambaya. Maki kuwa naka ne kai kaɗai. Ranar da yaro ya san makinsa na hannun abokinsa, ranar sharhi ya zama ramuwa.

Wasan cikin ajin ma da aka yaba zai sha mamaki. Ajin da aka yi ɗaiɗai a ciki daban ne da ajin da ya cika maƙil, ana leƙe ta taga, kuma idan rufin kwano ne aka yi ruwa, zance ya ƙare.

Abu ɗaya ne ɗalibai suka fi ka iya ganowa, kuma ka tambaye su shi kai tsaye: akwai wanda mutanen gari za su gane a cikin wasan? Kai za ka ga ɗan kasuwa mai tauye mudu ne kawai, su kuwa daga tafiyarsa da irin tarinsa sun san wa ake nufi. A aji abin dariya ne, a ƙofar dagaci kuwa, gaban 'ya'yan mutumin da surukansa, rigima ce da za ta iso ofishin shugaban makaranta kafin magariba. A sauya sana'ar, a sauya tafiyar, saƙon yana nan. Kuma kafin ka kwashi yara zuwa gwaji a can, ka je da kanka ka gai da dagaci, ka gaya masa abin da wasan ya ƙunsa, ka nemi izini, ka tambaya inda mata za su tsaya, domin wannan ma zai sauya inda 'yan wasa za su fuskanta.