Tambaya da Amsa: Kai Kayan Fata Tsibirin Malta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni baduku ne a cikin birnin Zariya, ina ɗinka jakunkuna da takalma da matasan fata. Ƙanena da ke karatu a Malta ya ce masu shagunan tsaraba na can za su so kayana. Yaya ake hulɗar ciniki da mutanen tsibirin, kuma ta ina zan fara?

Daga wani mai karatu, Ƙofar Doka, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kasuwar Malta tana bin lokaci ne kamar yadda noma ke bin damina, kuma wanda bai san wannan ba zai yi asarar kuɗin aike. Faɗin ƙasar murabba'in kilomita 316 ne kacal, jama'arta sun ɗan haura rabin miliyan, amma a 2023 kusan baƙi miliyan 3 ne suka je yawon buɗe ido, kuma cunkoso ya fi yawa daga Yuni zuwa Satumba. Mai shago a Valletta, babban birnin ƙasar, ko garin Sliema yakan tanadi hajarsa tun kafin zafi ya shigo, saboda haka ya kamata samfurinka ya isa hannunsa a Janairu ko Fabrairu. Kada ka yi tsammanin amsa a tsakiyar Agusta, domin ranar 15 ga watan ake bikin Kiristoci na Santa Marija, kuma kamfanoni da dama sukan rufe a makon.

Harshe ba zai ba ka wahala ba, tunda Ingila ce ta mulke su har 1964, kuma Turanci harshen hukuma ne tare da Maltanci. Sai dai ba a tayi da albarka irin namu. Za ka rubuta farashi a kuɗin Yuro, wanda suke amfani da shi tun 2008, da yawan kaya da ranar isarwa, sannan jaka ta hamsin ta fito daidai da ta farko a launi da ɗinki. A ganina nan ne dukawanmu suka fi tuntuɓe, domin hannu ya iya aiki amma ba a kula da awo. Tsibirin kuma ƙarami ne, 'yan kasuwa sun san juna, saɓa alkawari ɗaya zai iya rufe maka ƙofofi da yawa.

Lambar wayar ƙasar tana farawa da +356. WhatsApp ya isa gaisuwa da tura hoto, amma duk abin da aka daidaita a kansa a maimaita shi ta imel. Agogonmu ɗaya ne da nasu lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa suna gabanmu da awa ɗaya.

Malta ta shiga Tarayyar Turai a 2004, don haka dokokin Tarayyar ne ke aiki a kan kayanka. An ƙayyade yawan wani nau'in kuromiyam, sinadarin jimar zamani, da zai kasance a fatar da ke taɓa jiki, kuma fatar mesa ko kada ba ta shiga sai da takardar izinin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dajin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Jimar gargajiya da bagaruwa ta fi sauƙin cika sharaɗin kuromiyam ɗin, amma ka nemi shawarar cibiyar nazarin fata ta NILEST da ke nan Samaru. Bayan haka sai ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya waje ta NEPC, ka cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka, ka fara da kwali ɗaya ta jirgin sama, tare da neman rabin kuɗi kafin kaya su bar Zariya.