Kafin ka sayi injin share bututun iska, fara da wankin esi

Wani ɗan kasuwa mai sayar da fanka da kayan wuta a Sabon Garin Kano ya aiko da tambaya. Ya tara ɗan jari, ƙanensa ya koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, kuma ya ga a intanet yadda kamfanoni a Amurka ke samun kuɗi da share bututun iska na gidaje. Yana so ya ji ko ya ciwo bashi ya ƙara a kan abin da ya tara, ya yi odar irin wannan injin.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka ci bashin nan yanzu.

A Amurka gidaje da yawa na'ura ɗaya ce ke tura iskar ɗumi lokacin sanyi da iskar sanyi lokacin zafi, ta cikin bututun da aka shimfiɗa a rufi da bango har kowane ɗaki. Shi ya sa sana'ar ke da kasuwa a can. Mu a nan, leƙa gidajen unguwarku: esi ne mai kashi biyu, ɗaya maƙale a bango, ɗaya a waje, ba bututun iska ko ɗaya. Masu irin wancan bututu su ne manyan otal-otal da asibitoci da wasu bankuna, kuma galibi suna da kamfanin da suka riga suka ƙulla yarjejeniya da shi. Injinka zai zauna a shago yana cin ƙura, bashi kuma yana ƙirga kwanaki.

Kuɗin yana wajen wankin esin da ke bangon mutane. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana toshe matatar iska da siraran ƙarafan da ke bayanta, ta cika injin waje. Da zafin Maris da Afrilu ya sauko, sai a kunna a ji sanyi ya ragu, ruwa na ɗiga a bango saboda bututun fitar ruwa ya toshe, ɗaki na warin danshi. Na'urar da ta toshe takan daɗe tana aiki kafin ta sanyaya ɗaki, sai ta ƙara shan wuta. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato na unguwannin da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan magana ta shiga kunnen masu gida, balle mai amfani da janareta ko sola. Da ita za ka tallata aikinka.

Kayan farawa ba su da yawa: ƙaramin injin feshin ruwa, jakar tare ruwa da ake rataya wa esi don kada a ɓata bango da kujerun mutane, maganin wanki, tsani, ma'aunin gas, da babur. Kada ƙanenka ya ɗauko injin masu wankin mota ya fesa wa esi ruwa da shi, domin ƙarfinsa na lanƙwasa ƙarafan nan. A kashe wuta kafin a taɓa komai, a rufe ɓangaren lantarki da leda.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan sana'a, kuma ina roƙonka da ka tsaya a kansa. Masu gyara da yawa, da an ce sanyi ya ragu, sai su ce gas ya ƙare, su karɓi kuɗi. Gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur, zagayawa yake yi a rufe. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma sai an gano wurin an toshe kafin a ƙara. Sau da yawa ma datti ne kawai. Magidancin da ka wanke wa na'ura sanyi ya dawo, ka ce masa gas ɗinsa lafiya lau, shi zai kai ka gidan surukinsa da ofishinsu. Ku kuma duba takardar da ke jikin injin waje kafin ƙara gas, domin nau'o'in gas irin su R22 da R410A da R32 ba a haɗa su.

Matsalar sana'ar ita ce lokaci: aiki ya yi yawa a bazara, ya mutu a hunturu. Maganinta yarjejeniyar shekara. Je ka kantunan magani, ƙananan asibitoci, makarantun kuɗi da masallatai, ka ba su farashi ɗaya na wanki duk wata uku, a rubuce. Yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, don ofisoshi sun fi son mai rasit da asusun banki na kasuwanci. Wajen yanke farashi ka sa man babur, magani, ladan yaro da lalacewar kaya.

Tsakaninka da ƙanenka ma ku rubuta rabon riba tun yau, kuma kada kuɗin shago ya gauraya da na wanki. Fara zagayen neman kwastomomi a Fabrairu. In bayan shekara wani otal ya nemi ku share masa bututu, ku yi hayar inji ku gwada aiki ɗaya tukuna.